Kaskon Gwaggo a Ƙarƙashin Mota

Mijina ya haɗa mota da hannunsa, kuma duk Jarwal, unguwarmu a nan Makka, babu wanda bai yi mata dariya ba, har da ni matarsa. A warsha yake aiki, wato garejin da ake gyaran manyan motocin da suke kwaso alhazai daga Jidda. Duk motar da ta mutu a hanya sai ya bi gawarta ya ciro wani abu. Yau ya shigo da taya a kafaɗa, gobe sitiyari, wata rana wasu ƙarafa da ban san sunansu ba, ya jibge min su a tsakar gida daidai inda nake shanya gyaɗa. Na yi faɗa har na gaji. Mutum ne da ba ya mayar da magana, sai dai ya yi murmushi ya ci gaba da abin da ya sa a gaba, kuma babu abin da yake ƙona min rai irin wannan murmushin.

Saboda Gwaggo yake yin motar. Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, kuma ita ta haifi mijina. Ita ta riƙe ni tun ina ƙarama, bayan iyayena sun rasu a gonakin auduga na Sudan muna kan hanyar zuwa nan, don haka babu kunyar surukuta a tsakaninmu. Ta zage ni, in yi mata gunaguni, mu ci tuwo a kwano ɗaya. Da ƙafa ta baro ƙasar Kano, ɗanta a gaba, kaskon ƙarfe a ka. Kaskon nan na uwarta ne, mai faɗi da zurfi, da kunnuwa biyu, nauyinsa sai wanda ya ɗauka. Duk garin da muka yada zango sai ta kafa murhu ta soya ƙosai ko gyaɗa, da haka muka ci, da haka muka yi ta matsawa gabas shekara da shekaru har muka haye teku.

Mun iso Makka alhazai suna ɗaure kayan komawa gida. An riga an sauko daga Arfa. Gwaggo ta ce ba komai, wanda ya yi wannan tafiya ai shekara ɗaya ba za ta gagare shi ba. Kafin shekarar ta zagayo ta zame a gangaren dutsen unguwarmu da garwar ruwa a ka, ƙugunta ya karye. Mai ɗori ya ɗora, bai ɗoru daidai ba. Daga ranar ba ta sake tsayawa da ƙafarta ba, kuma ko gadonta aka girgiza sai ta ji shi har cikin ƙwaƙwalwa.

Mun gwada duk abin da ake gwadawa. Wata shekara aka ɗora ta a raƙumi, cikin irin akwatin da ake yi wa mata da tsofaffi. Ko Utaibiyya, unguwar da take gaba da tamu, ba mu kai ba ta suma, aka sauke ta. Jaki ya fi raƙumi muni. Manyan motoci kuwa tsawo gare su, ana cusa mutane kamar buhunan gero, ga tsalle a kan duwatsu. Masallacin Harami kusa ne, ana iya kai ta a hankali ta yi ɗawafi a kan makara irin ta masu ɗaukar marasa ƙarfi, ta kuma yi. Amma Arfa tana bayan gari da nisa, kuma wanda bai tsaya a Arfa ba bai yi hajji ba. Duk ranar Arfa unguwa takan yi tsit, kowa ya tafi, ko ibada ko neman abinci, ita tana kwance tana kallon rufin kwano. Maƙwabta suna ce mata Hajiya saboda girmamawa, ita kuwa sai ta ɓata rai ta ce a daina yi mata ƙarya a gaban idonta, ita dai 'yar Kano ce da ta zo bakin ƙofa ta kwanta. Ina jin zafin maganar nan har yau.

To shi ya sa motar ta fito yadda ta fito. Ya yi ta ƙasa-ƙasa da gangan, don a iya zura gadon Gwaggo ta baya ba tare da an ɗaga shi sama ba. Ya zare wasu daga cikin ƙarafan da suke riƙe nauyin mota don ta yi laushi, kada ta riƙa dukan mai kwanciya. Ta yi laushin kuwa, amma sai ta ƙara durƙushewa, cikinta ya kusa taɓa ƙasa. Yaran unguwa suka sa mata suna agwagwa. Gwaggo da aka ja gadonta bakin ƙofa ta gani, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ita dai ba ta taɓa ganin abin hawa da ya fi mai shi ladabi ba.

Ranar da ya fara fita da motar gwaji ya dawo fuska a murtuke. A ƙarƙashin inji akwai wani kwano da man inji yake taruwa a ciki, makanikan nan suna ce masa kartir. Ƙarfensa ba shi da kauri, kuma shi ne ya fi komai kusa da ƙasa. In dutse ɗaya ya daki wurin, sai mai ya tsiyaye, inji ya ƙone. Hanyar Arfa kuwa a lokacin ba komai ba ce sai yashi da duwatsu da sawun raƙuma. Ya ce sai an yi wa kartir garkuwa. Ya gwada murfin ganga, dutsen farko ya lanƙwasa shi kamar takarda. Ya gwada katako, ya tsage. Ƙarfe mai kauri a warsha ba a barinsa ya fita, kowace babbar mota tana jiran nata.

Ina tsugune ina juya gyaɗa a cikin yashi mai zafi na lura ya tsaya a kaina. Ba ni yake kallo ba, kaskon yake kallo. Na ce masa ko da wasa kada ya fara. Tun da Gwaggo ta kwanta ni na gaji kaskon da sana'ar, da shi nake tsayawa a bakin hanya, kuma hajji shi ne lokacin da gyaɗa take tafiya. Na faɗa masa maganganu a ranar, na ce ya cinye min tsakar gida da tarkace, yanzu kuma zai cinye min murhu. Gwaggo ce ta yi magana daga ɗaki. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne, sai dai ta ce yaron nan, ko da yake furfura ta fara fito masa.

"Ke, rufe mana baki. Kai kuma yaron nan, aro na ba ka, ba kyauta ba. Yadda ka ɗauke shi haka za ka dawo min da shi. Kada ka huda min kasko."

Ya durƙusa a bakin ƙofa ya yi mata bayani a hankali. Ya ce ƙa'idar aikin sai an huda gefe-gefe an ɗaure da ƙusa, a kuma huda tsakiya ko da ƙaramin rami ne. Ta ce kaskon da ya ƙetare Chadi da Sudan da teku bai yoyo ba, ba za a zo Makka a mayar da shi rariya ba. Ya sake buɗe baki, ta juya fuska bango. Ya miƙe ya ce da Larabci, "Ɗayyib, Inna," wato to, shi ke nan. Iyakar gardamar da na taɓa ji ya yi da ita ke nan.

Ya yi dabara. Ya zura ɗamarar ƙarfe ta cikin kunnuwan kaskon biyu, ya ɗaure su a jikin ƙashin motar, kasko ya zauna a ƙarƙashin kartir bakinsa yana kallon sama, kamar an tara hannu. Da aka tayar da inji sai ya riƙa ƙara, ƙarfe yana dukan ƙarfe, Gwaggo ta ce kanta zai tsage. Sai ya cusa tsohon buhu a tsakani, ƙarar ta mutu. Ya fita da motar bayan gari ya bi ta kan duwatsu da gangan, ya dawo yana dariya kamar yaro, ya ce maƙerin da ya yi kaskon nan Allah Ya ji ƙansa. Abu ɗaya ne ya rage masa a rai. Injin irin na da ne, ba shi da sandar da ake zarowa a ga yawan mai, sai wani ɗan famfo a ƙasa da ake murɗawa, kuma kasko ya rufe shi. Ya ce ba komai, zai cika mai kafin mu tashi, kuma shi ƙasa yake karantawa. Ɗabi'arsa ce duk inda ya tsayar da mota sai ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta. In ya ga ɗigon baƙi a yashi ya san da matsala, in bai gani ba ya tashi ya kaɗe gwiwa.

Ranar Arfa muka tashi bayan asuba, mun bari ayarin raƙuma da manyan motoci sun yi gaba don kada a matse mu. Na yi wa Gwaggo wanka, na sa mata fararen kaya da ta ajiye a ƙasan akwati tun daga Sudan, har sun yi rawaya a wurin ninki. Ta yi niyya da muryar da ban san tana da ita ba. Muka zura gadonta na igiya ta baya, na zauna a gefenta da mafici da tulun ruwa, na kafa mata zane a sama saboda rana. Shi yana gaba da haraminsa, kai a buɗe. Ban taɓa ganinsa da farin kaya haka ba, kullum cikin baƙin mai yake.

Tafiya muke kamar ta hawainiya. Masu jakuna suna wuce mu suna yi mana sannu. Gwaggo ba ta damu ba, tana ta talbiyya, tana ƙwanƙwasa zoben azurfarta a jikin katakon gado, haka take yi in tana cikin jin daɗi. Muka wuce Mina, muka wuce Muzdalifa, ta ce in ɗaga gefen zanen ta ga duwatsu. Ta ce ashe haka wurin yake, ita da take zaton da itatuwa. Har tsokanata ta yi, ta ce in daina kumbura fuska, gyaɗar da ban sayar ba ba za ta gudu ba.

A wata matsattsiyar hanya tsakanin duwatsu biyu muka ji dukan. Ƙara ce mai ƙarfi daga ƙasa, motar ta yi tsalle, Gwaggo ta cije leɓe. Ya tsaya, ya sauko, ya durƙusa. Na ga ya kai hannu zai kwanta ya shiga ƙarƙashi, Gwaggo ta ce kada ya kuskura ya ɓata haraminsa tun bai isa gaban Ubangiji ba. Ya leƙa daga inda yake. Gindin kasko ya ɗan loɓa, amma bai fashe ba, yashi kuma fari tas, babu ko ɗigo. Ya ɗago yana murna ya ce, "Inna, kaskonki ya ceci man inji." Ta ce ai ta faɗa masa.

Ya sake tsayawa a gaba ya duba, ya kuma sake. Kowane lokaci yashi fari. Abin da ba mu sani ba, dutsen ya tura kaskon sama ya tsaga kartir, mai yana zuba a hankali, buhu yana sha, abin da ya ragu kasko yana tarewa. Kaskon kirki ne, bai taɓa zubar da abin da aka zuba masa ba.

Rana ta take tsaka inji ya fara wani irin kuka, sannan wari ya taso, kafin ya kai hannu ya kashe sai ya yi gum ya tsaya da kansa. Ya sa hannun tayarwa a gaba ya murɗa, ko motsi. Ya taka hannun da ƙafa, ko gezau. A nan ya manta da harami, ya kwanta a ƙasa ya kwance ɗamarar da hannu, ƙarfe yana ƙona shi. Da ya jawo kaskon waje sai ga shi cike da baƙin mai, buhun yana iyo a ciki. Ya zauna dirshan a yashi yana kallonsa. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta mutu irin haka ba.

Gwaggo ta tambaya me ya faru. Ya ce mota ta gaji. Ta tambaya ko an huda mata kasko, ya ce a'a, lafiyarsa ƙalau. Sai ta ce to me muke jira, ai gadon yana da ƙafa huɗu mu kuma muna da huɗu.

Mun san abin da girgiza take yi mata, amma babu wata hanya. Ayari ya riga ya wuce, 'yan tsirarun da suke bi ta wurin kowa sauri yake. Muka zaro gadon. Ya kama ƙafafun gaba a kafaɗunsa, ni na yi gammo da mayafina na ɗora bayan a ka, wajen kanta. Ya fi ni tsawo, sai da ya riƙa rage tsayi don gadon ya daidaita. Muka bar mota da kasko a wurin. Wasu mutanen Yaman biyu suka karɓe mu na ɗan lokaci, Allah Ya saka musu, sannan suka ba mu haƙuri suka wuce. Wasu da suka hango mu suka ɗauka gawa ce, suka fara salati. Gwaggo ta ɗaga hannu ta ce musu da Hausa tukuna dai.

Ba ta yi kuka ba ko sau ɗaya, wannan ya fi komai tsorata ni. Matar da in na gyara mata matashi da ƙarfi sai ta tsine min, ga shi muna tafe da ita a kan duwatsu ba ta ce komai ba sai talbiyya ƙasa-ƙasa. Ba na ganinta, tana samana. Zoben nan kawai nake ji yana ƙwanƙwasa katako, ƙarar tana bin itacen har cikin kaina. Mu yi tafiya, mu sauke, in jiƙa mata leɓe, mu sake ɗauka. Yashi yana cin tafin ƙafata, wuyana kamar zai karye.

La'asar ta yi sanyi muka sauke ta a wani ɗan tudu. Daga nan ana hango tantuna fari fat sun cika fili, da ɗan dutsen da mutane suka lulluɓe, da ginshiƙan da aka kafa don a san iyakar Arfa. Wanda yake bayansu bai shiga ba, ko da taku ɗaya ne. Na tallafo kanta ta gani. Idonta ya faɗa, leɓenta ya bushe, amma ta gani. Ta sha ruwa kaɗan. Ta dubi ɗanta, haraminsa duk baƙin mai, ta ce ji yadda ya koma. Sannan ta ce:

"Kada ku ƙara sauke ni sai a ciki. Ko na roƙe ku."

Muka ɗauka. Akwai kwari mai yashi kafin ginshiƙan, ƙafa tana nutsewa, ga hayaniyar mutane tana ƙaruwa, talbiyyar dubban bakuna ta haɗiye tata. Ban ƙara jin muryarta ba, amma zoben yana ta bugawa, ni kuma na riƙe wannan ƙarar da zuciyata. Muka wuce ginshiƙan. Bai tsaya nan ba, sai da ya ƙara tafiya mai ɗan dama don kada a yi shakka, sannan ya ce in sauke.

Ya juyo yana haki yana cewa, "Inna, mun shigo. Inna, ga Arfa." Hannunta yana reto a gefen gado, zoben yana jingine da katako. Idonta a buɗe yake kaɗan, fuskarta a sake. Na taɓa goshinta da ɗumi, amma a wannan rana komai da ɗumi yake. Na sa kunne a ƙirjinta. Na daɗe a haka don ba na son in ɗago in dube shi.

Mun yi kuka a Arfa ranar, mutane suna zaton na tuba ne. Malamai sun yi masa magana daga baya, sun ce wanda ya mutu da harami a kan hanya ladansa yana wurin Allah cikakke, babu abin da ya ragu. Ya ce ya yarda, na kuma san ya yarda. Da shekara ta zagayo ya yi mata hajji da ƙafarsa. Amma ba wannan ne yake cinsa ba. Shi ya yi alkawarin zai kai ta ta tsaya, yana so ya san ko ya kai ta.

Motar ba ta dawo ba, kafin ya koma an kwashe abin da yake da amfani a jikinta. Kaskon kuwa yana nan inda muka bar shi, babu wanda ya ga abin ɗauka a baƙin kasko mai warin mai. Ya kawo shi gida a ka. Na wanke shi da toka, na goge da yashi, na ƙona shi a wuta, na sake wankewa. Gyaɗar farko da na soya a ciki ko awaki ba su ci ba. Na rataye shi a bango ta kunne ɗaya, na sayi wani na gwangwani. A warsha an ce duk motar da ya yi wa garkuwa bayan nan, kafin ya ɗaura sai ya fara huda tsakiyar ƙarfen, wani lokaci har rami biyu. Na Gwaggo bai taɓa kai masa ƙusa ba.

Mun yi shekaru da yawa tare bayan haka, mun haifi 'ya'ya, sun tashi Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsu. Bai cika maganar ranar ba. Amma duk shekara in Arfa ta zo, unguwa ta yi tsit, sai ya sami lokacin da babu kowa ya zauna kusa da ni, ya yi ta juya hularsa a hannu, sannan ya tambaya. Ni ce a wajen kanta, ni ce nake jin zoben. Da muka zo ginshiƙan, bugun na mai rai ne ko reto ne kawai?

Na sha yi masa tsawa a kan ƙananan abubuwa, na sha faɗa masa abin da ba ya so, amma ban taɓa yi masa ƙarya ba, shi ya sa ni yake tambaya. Na kwana ina maido da ƙarar nan a kaina, ina neman inda ta canja, ban samu ba. Da na ce masa ta shiga da ranta, da ya yarda, da ya huta. Sau da yawa maganar tana zuwa har bakina. Sai in tuna matar da ta hana a kira ta Hajiya don ba ta son a yi mata ƙarya a gaban idonta, in ce masa ban sani ba. Ya gyaɗa kai, ya sa hularsa, ya fita.

A ciwonsa na ƙarshe ma ya tambaya, ba lokacin hajji ba ne. Na riƙe hannunsa na ce ban sani ba, amma ya kusa ganinta, sai ya tambaye ta da kansa. Ya yi murmushin nan nasa da yake ƙona min rai, ya ce ai ba za ta amsa ba, kaskonta za ta fara tambaya.